Ki Yaba Ƙibar Kajin Kevin

Yaya Edith,

Gaisuwa mai yawa daga Poland. Yaya Mama da ciwon gwiwa? Yaya yara? Ni lafiya lau. Sanyin wurin aiki ya ɗan farfasa mini yatsu, amma kada Mama ta ji.

Na ga hoton da kika turo na 'yan kajin iri a gonar Kawu ta Palladan, sun yi ɓul-ɓul kamar talo-talo. Kin tuna duk Asabar nake ɗora su a sikeli, in nauyi ya zarce in rage abinci? Shi ne ɗansa Kevin ya ce ina horar da su da yunwa ina karkatar da abincin. Aka kore ni gaban ma'aikata kamar ɓarawo. Yanzu kin ce har sikelin ya jefar.

Kada ki ce masa uffan. In kun haɗu a coci, ki yaba ƙibarsu ya ƙara musu abinci. Kazar da kitse ya cika ba ta ƙwan kirki.

Ranar da ya fara zagaya keji da kiret ɗin ƙwai wayam, ki kira ni ta bidiyo. Ina so in yi masa sannu da aiki.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Toma