Jan gyale a gonar albasa

Zuwa ga Yaya Asma'u,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba, kuma addu'a kike bukata yanzu, ba rubutu ba. Addu'ar ina yi kullum. Sai dai akwai labarin da ba ni da wanda zan ba sai ke.

Albasar da Baba ya bari ta iri a fadamar Dandin Mahe ta yi fure bana, fari fat. Kin tuna fim ɗin Indiyan da muke kallo a gidan Baffa Sani a Bodinga duk hutu, har faifan ya fara tsalle? Wurin da yarinyar take tsaye cikin fararen furanni riƙe da keke, jan gyalenta na tashi, ta waiwayo? Kullum sai kin sa an mayar baya. Kika ce ai gonar Baba ta fi tasu, wata rana haka za a ɗauke ki hoto. Har kwaikwayo kike yi a tsakar gida. Ni dariya kawai nake yi. Ban taɓa gaya miki ba, a idona kin fi yarinyar kyau.

Da na ga furen ya fara bushewa daga gefe, sai na ce bari in tsaya a madadinki, ni da ko hoton makaranta sai na sunkuyar da kai.

Jan gyalenki yana akwati a ɗakin Inna. Kin san Inna. Ke ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunanki ba, sai dai ta ce “yayarku”. Ranar rasuwarki ma ruwa take ta miƙa wa masu gaisuwa, idonta a bushe. Na yi fushi da ita a raina, Yaya. Na ɗauka tafiyarki ba ta taɓa ta ba. Da na roƙi gyalen, da haɓa kawai ta nuna mini inda makulli yake.

Da ma kin ga shirinmu! Keken Baffa ba shi da sarƙa, muka wanke shi, muka tura shi har fadama. Ƙawata Rukayya ta aro waya mai kyau. Iska ta ƙi zuwa, sai ƙannenmu biyu suka durƙusa suna yi wa gyalen fifita da faifai. Baba yana kan kunya yana ta faɗa kada a taka masa iri, wai 'yan Indiya ba za su biya shi ba.

Muna cikin haka Inna ta kawo wa Baba fura. Ta tsaya, ta dube ni. Sai ta ajiye ƙwaryar, ta ratso cikin furen, ta cire gyalen daga kafaɗata ta dama, ta mayar ta hagu. Ta naɗa bakinsa a wuyan hannuna, ta ɗaga mini haɓa, ta ce, “Ba haka yayarku take yi ba, ita tana murmushi kafin ta waiwaya.”

Yaya, Inna ba ta taɓa kallon fim ɗin nan ba. A ina ta sani? Ashe duk sanda kike kwaikwayo, ita tana daka ta ba ki baya, kallonki take yi?

Rukayya ta ɗauki hoton kafin Inna ta janye. Hannun Inna ya fito a gefen hoton, riƙe da bakin gyalenki. Ban yarda an yanke ba.

Da Inna ta juya tana share ido, ta ce wa Baba albasarsa ce ta cika yaji. Baba ya ce haka ne. Ke ma kin san furen albasa ba ya sa hawaye.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ƙanwarki mai kewarki,
Luba