Alamar Kunnen Karaman

Zuwa ga ƙanena Zdravko,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Radostina da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa sanyin Jamus bai tayar maka da ciwon bayan nan ba. Mu nan ƙalau muke, sai gajiya. Baba yana shan maganinsa idan na tsaya a kansa, ina juya baya kuwa sai ya ce rakiya, barasar nan tasa, ta fi aiki. An gama tsinkar inabi, bana bai yi auki ba. Gwaggo Penka ta samu sauƙin ƙafarta, bakin kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Maganar karenmu Karaman ce ta sa na zauna rubutu, don na san in a waya ne kuka zan yi, kai kuma ka ce ba ka ji sosai. Tun da Mama ta rasu karen nan ya daina zaman gida. Gari na wayewa sai ya kama hanyar maƙabarta, ya kwanta gefen kabarinta har yunwa ta koro shi. Mama ba ta taɓa ɗaure shi ba, Baba kuma ya ce ba shi zai fara ba. Ka san ina taimaka wa ƙungiyar ceton dabbobi ranakun Asabar. Tun da ƙungiyar ta haɗa hannu da gidan karnuka na hukumar gari, duk karen titin da aka yi wa allura aka dandaƙe, ana maƙala masa 'yar alamar roba a kunne a mayar da shi unguwarsu, masu kamu ba sa taɓa shi. Wanda ba shi da ita kuwa, sai a jefa shi mota a kai shi keji. Shi ya sa na roƙi likitar ƙungiya ta sa wa Karaman, don hankalina ya kwanta.

Ashe na taɓo Baba inda yake masa ciwo. Tsofaffin da suke shan kofi tare suka sa shi gaba, wai Gencho ya kasa riƙe karen matarsa har hukuma ta yi masa hatimi. Stoyu mai aski ma cewa ya yi saura Baban a sa masa tasa, tunda shi ma ɗansa ya bar shi a titi. Kada ka ji haushi, ka san bakin Stoyu. Baba ya dawo, ya ɗauki almakashin inabi ya datse alamar. Na yi faɗa har muryata ta dishe, shi dai cewa yake karen gidansa yana da mai shi.

Ranar tunawa da matattu muka kai dafaffiyar alkama maƙabarta muka raba. Masu kamu sun san ranar ce karnuka ke taruwa cin ragowa, muna watsewa suka zo suka kwashe su har da Karaman. A kejin ƙarshe na gidan karnukan na same shi, ya juya wa kwanonsa baya. Wurin nan ya cika maƙil, Zdravko, mu masu wanke kejin hannuwanmu duk sun tsage, kuma tsohon kare irinsa ba ya ganin ƙarshen sanyi a can. Shugaban gidan mutumin kirki ne, amma shi ma ya gaji. Ya ce ko dai mai shi ya zo ya karɓa da alkawarin killace shi, don ba a barin kare mai gida yana yawo, ko kuma ƙungiya ta sa shi a motar da ke kai karnuka Jamus, akwai wata dattijuwa mai fili da ke neman tsohon kare mai sanyin hali. Ka dai san shingenmu, akuya ma ta raina shi. Killacewa a gidanmu sarƙa ce.

Baba ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya sayi sabuwar sarƙa, ya ɗauki kwalbar rakiya don mai gadi, muka tafi. Karaman na ganinsa ya miƙe yana kaɗa bindi. Da Baba ya fito da sarƙar, sai karen ya sunkuyar da wuya da kansa yana jira. Baba ya daɗe a tsaye, sannan ya mayar da ita aljihu. Ya ce Mama ba za ta yafe masa ba idan ya bar karenta a ɗaure yana kallon hanyar maƙabarta, gara ya je ya taka ciyawar wasu. A hanyar gida abu ɗaya ya faɗa, wai duk abin da gidan nan ya rena, Jamus ce ke cin moriyarsa. Zuciyata ta karye, kuma na gaji da zama ni kaɗai mai ganin irin wannan.

Motar ta tashi da Karaman jiya. Garin dattijuwar ba shi da nisa da naku, zan turo maka kwatance. Don Allah ka je ka gan shi, ka yi masa magana da harshenmu, don ba wanda zai yi masa a can.

Ka gai da Radostina, ka sumbatar min Bozhidar da 'yar auta Nevena. Gwaggo Penka tana gaishe ku. Baba bai ba ni saƙo zuwa gare ka ba, na Karaman ya bayar. Ya ce ka gaya masa kada ya damu, yanzu shi Baban ke zuwa wurin Mama kowace safiya.

Yayarka,
Tsvetanka