Kun Sanar da Mutuwata, Inna Ta Yarda

Zuwa ga Shugaban kamfanin nan mai ba da rance ta waya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ranka ya daɗe, mamacin da kuka kashe ne yake rubuto maka. Sunana Habu, dillalin awaki, mutumin Ɗanzomo.

Na ɗaya: wata Alhamis a kasuwar Maigatari aka zare mini waya daga aljihu. Lambar sirrina tana rubuce a 'yar takarda cikin rigar wayar. Wannan wautata ce, na yarda. Ɓarawon ya kwashe asusuna, sannan ya ci bashin naira dubu ashirin a wajenku da sunana. Ko tambayarsa ba ku yi ba.

Na biyu: ban san da bashin ba, na tsallaka Nijar sayen dabbobi, mako biyu ina ƙauyukan da ba a samuna. Da wa'adinku ya cika, ma'aikatanku suka ɗauko hotona daga cikin wayar, suka rubuta Inna lillahi a samansa, suka tura wa duk lambar da ke wayar cewa na rasu. An ce haka kuke tozarta wanda ya ƙi biya. Wataƙila a birni tsaki ake yi a goge. Mu nan ba a wasa da sanarwar mutuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka yi sadakar uku, matata ta shiga takaba. Masu ba ni awaki suka koma wajen wani dillalin.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni rubutun nan: mahaifiyata tana tsakar gida aka gaya mata. Ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ranar da na dawo na durƙusa a gabanta, ta dube ni ta yi mini sannu da zuwa kamar baƙo. Har yau kullum na kai mata koko sai ta ba ni labarin ɗanta Habu da ya rasu a Damagaram, ta roƙe ni in sa shi a addu'a. Ni kuwa sai in ce amin.

Da na kira ofishinku, ma'aikaciyarku ta yi dariya, ta ce tunda ina raye sai in biya.

Ina roƙon ku cire sunana daga bashin da ban ci ba, ku kuma tura wa lambobin nan cewa ƙarya kuka yi. Sannan ka zo Ɗanzomo da ƙafarka ka gaya wa Inna ina raye. Ni na faɗa har na gaji. Maganarku ta ɗauka, ba tawa ba.

Allah ya ja da ran mahaifiyarka, ya bar ta da hankalinta, ta gane ka duk ranar da ka shiga gaishe ta.

Wassalam.

Habu Dillali, Ɗanzomo