Kukan Motar Auta

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kun sauka lafiya kai da matarka, kuma kwas ɗin da aka tura ku ya fara da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Ƙawata, 'yar taku, ta yi kukanta na kwana biyu, yanzu kuwa ta mai da gidan nata, har filona ta ƙwace.

Motar da ka bar mana don kai ta makaranta ce ta sa na ɗauki biro. Auta, wannan mota ce ko mutum? Ka ce mana tsaka-tsaki ce, ta fi ƙaramar mota tsayi ba ta kai jif ba, amma ba ka ce mana tana da baki ba. Ranar farko Babanku ya shiga da makulli a hannu yana laluben ramin da zai zura shi, ya duba sama ya duba ƙasa, har ya fara gumi. Ƙawata ce daga kujerarta ta baya ta nuna masa maɓallin da ake dannawa. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana jan bas ɗin ma'aikata bai taɓa goge ko fenti ba, yau 'yar shekara biyar ce malamarsa. Na danne dariyata, don ka san halinsa a kan tuƙi. A taɓa komai nasa ya haƙura, ban da wannan.

Muna fita layinmu ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci yadda ta saba, ta samu birki. Saura ƙiris na sumbaci gilashi. Sau uku ana haka kafin mu kai babban titi. Da ya ga ƙafar ba ta jin magana sai ya tsaya, ya cire takalminta, ya cusa ta ƙarƙashin kujera. Haka yake tuƙi har yau, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Ni dai gaskiya na ji daɗin zamanta. Ba na durƙusawa in shiga kamar a akwalar Babanku, gwiwata ta huta, kuma ina hango titi tun daga nesa. Amma da ya sa giyar baya na ga kwandon shararmu ya fito a allo, sai da gabana ya faɗi. But ɗin ma da kansa yake buɗewa, kamar wani yana ciki. Babanku ya ce motar ragwaye ce, amma sau biyu yake wanke ta a rana.

Ka gaishe da matarka. Ku riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ni ce,
Innarka.

*

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya baƙunta? Saƙonka ya iso, na kuma gode da maganin gwiwar. Ƙawata tana lafiya, haƙorinta na gaba ya fara girgiɗi.

Motarka dai sun saka zare da Babanku. Ba a yin minti biyar a titi sai ta yi ƙara, sitiyarin ya yi karkarwa a hannunsa, wata 'yar fitila ta kama a madubin dama, wato ɓangaren da nake zama. Na tuna ka ce tana yin haka ne idan an taka farin layin titi, ko idan akwai abin hawa a gefe. Da na faɗa masa sai ya hau faɗa. Wai shi za a koya wa layi? Wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsani ba zai hango ba, balle ƙarfen da aka ƙera shekaran jiya.

Ya kai ta wajen amininsa bakanike, wanda suka yi aiki tare a garejin bas. Mutumin ya jona mata na'ura, ya zagaya da ita gari, ya dawo ya ce lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi masa ba. Babanku ya ce shi ma tsufa ya kama shi. Da muka dawo gida ya buɗe tsohon akwatin aikina na asibiti, ya yanko filasta, ya liƙe fitilar madubin da ita. Ƙarar ce ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya koma ƙure rediyo.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Ranar Laraba ya tafi aski a ƙafa, malamar Ƙawata ta bugo ta ce yarinyar tana zazzaɓi. Ka san ina da lasin, ko da yake tun da Babanku ya yi ritaya bai ƙara barina na taɓa sitiyari ba. Na yi ta maza na shiga. Auta, ashe haka take da laushi? Yatsa biyu sun isa a juya ta. Na je na dawo, na bi shataletale biyu, ko sau ɗaya ba ta yi mini ƙara ba. Ban gaya masa ba. Na ce a raina wataƙila ni tsoro ne ya sa nake tafiya kamar hawainiya.

Zazzaɓin ya sauka tun a ranar, kada hankalinku ya tashi.

Ni ce,
Innarka.

*

Zuwa ga Autana,

Ina gaishe ka, ina fatan kuna lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma ka fara sanin cewa Ƙawata lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Ranar Litinin da safe mun kusa ƙofar makarantarsu, wata mai sharar titi ta turo baronta daga dama za ta tsallaka. Tun daga nesa na gan ta, da rigarta mai ƙyalli, ban ce komai ba don ban taɓa gaya wa Babanku abin da ke titi ba. Ina jiran ya sassauta, bai sassauta ba. Kafin in buɗe baki motar ta kurma ihu ta ja birki da kanta, bel ya shaƙe ni. Na duba ƙasa, ƙafarsa tana kan totur. Ya fara zagin motar yana cewa ga irinta nan, sai ya juya kai ya ga matar a tsaye, baronta yana taɓa bamba. Auta, ban taɓa ganin fuskar Babanku haka ba. Bakinsa a buɗe kawai. Matar ta yi mana tatas, kuma da gaskiyarta.

Da muka koma gida ya zauna a falo yana goge takalminsa, wai shi babu abin da ya faru. Na haɗa shayi, na lallaɓo na tsaya a damansa, kusa da shi har ina jin numfashinsa, na miƙa kofin. Na ƙirga ashirin a zuciyata. Bai karɓa ba. Can sai ya ɗaga kai ya ƙwala mini kira da ƙarfi, yana tambaya ko shayin bai yi ba, don a zatonsa ina kicin. Kofin ya kusa suɓuce mini.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zagayo gabansa na durƙusa, na tambaye shi tun yaushe. Ya ce shekara biyu. Shekara biyu, Auta. Shi ya sa ba ya canja hanya, shi ya sa ya daina kai ni kasuwar bayan gari, ni kuwa ina ta yi masa tsiya wai ƙyashin mai yake yi. Ya haddace titunan ne yana bin su da ka. Ya ce ya san duk ranar da ya faɗa za a karɓe sitiyari, kuma shi bai san me zai zama ba idan ba direba ba.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi masa ba. Na ce ran jikarsa ya ɗora a kan girman kansa, da ran 'yar mutane mai neman abincinta. Bai musa ba. Amma fushin da nake yi da kaina ya fi. Shekara talatin ina aikin jinya, ina gane ciwo a fuskar baƙo tun daga ƙofa, ga mijina kullum yana buge kafaɗa a ƙyauren ɗaki ina ce masa garaje.

Jiya mun ga likitan ido. Hawan jinin ido ne. Gefen dama ya tafi ba zai dawo ba, amma an ba shi maganin ɗigawa don a tsare abin da ya rage. Tuƙi kuwa an ce ya ƙare. Da muka fito ya tsaya a jikin motar ya ɓare filastar nan da farcensa, ya buɗe mini ƙofar direba, shi ya zagaya.

Ya ce kada in gaya maka, ga shi na gaya maka. Roƙona ɗaya ne. Idan ka bugo kada ka yi masa faɗa, na riga na yi na mutum biyu, kuma kada ka yi masa jaje, wannan ne zai karya shi. Ka tambaye shi ko tuƙina yana kyau, ka bar shi ya yi ta kushe ni. Tun safe yake yi, wai ina shan kwana kamar mai ɗauke da ƙwai.

Yau da muka sauke Ƙawata na tsaya a danja, sai na ji ya yi shiru. Na waiga na ga ni yake kallo, don yanzu ina hagunsa, ɓangaren da ke gani. Na tambaye shi lafiya. Ya ce shekara biyu ke nan rabon da ya gan ni a cikin mota, muryata kawai yake ji. Sai da na baya suka yi ta danna mana hon kafin na iya tashi.

Ka gaishe da matarka. Ku sa shi a addu'a.

Ni ce,
Innarka.