Goɗiyar Baba da Ingarman Surukina

Gwaggo Hure, sallama da gaisuwa. Ki agaza mini da shawara, don abin ya fi ƙarfin wayona, ni kuwa da wayo nake ci.

Bari in fara da yaba wa masanan majalisarmu ta bakin kasuwar Gummi. Allah ya ba su abin da bai ba likita ba. Mutum na kan benci yana ɓare gyaɗa, goɗiya ta gitta, ya dubi kaɗawar wutsiyarta, nan take ya faɗa maka abin da ke cikin mahaifarta, har launin duƙushin da za ta haifa. Ba su taɓa kuskure ba, sai dai dabbar ta ƙi bin maganarsu.

Su suka ce mana, mu da Innarmu, bayan rasuwar Baba, kada mu bari a yi wa goɗiyarsa barbara, wai haihuwa na saukar da baya, tana ɓata taku. Gunya ke nan, sunan da muke kiran goɗiyar. Gwaggo, ni dillalin dawaki ne daga Anka har Bukkuyum, na yabi dokin da ko uwarsa ba za ta yabe shi ba, amma Gunya ba ta buƙatar bakina. In tana tafiya, sai ka ce ƙasar ce ke miƙo mata kanta. Muka killace ta shekara da shekaru, sai harawa da dusa da kanwa.

Sai da furfura ta fito mata a fuska yayana Sanusi ya tuna muna son irinta. Aka kai ta Bukkuyum wurin ingarman Mamuda, yayan matata Sahura, wanda da barbarar dokin nan yake riƙe gidansa. Ta ɗauka, muka yi murna, bayan 'yan makonni ta dawo tana neman namiji. Aka sake, aka kuma sakewa. Wasu suka ce ciyawar da aka sayo wajen Sunke ce da gubar dalma, amma masana suka yanke cewa ingarman ne fanko. Maganar ta zaga kasuwanni, masu goɗiyoyi suka daina zuwa wurin Mamuda. Sahura kan dire mini tuwo ba ta dube ni ba.

Ranar da Sanusi ya tafi Anka na kira wata likitar dabbobi, Dokta Basira. Da wani siririn ƙarfe mai baki ta tsinko ɗan nama daga bangon mahaifar, bai fi ƙwayar shinkafa ba, Gunya ko kunne ba ta kaɗa ba. Ta tafi da shi Sakkwato aka duba a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Da ta dawo ta nuna mini hoton a waya: wasu 'yan ramuka kamar bakin tulu, kowane an naɗe shi da zare-zare. Ta ce ramukan nan su ke tsatso abincin da ɗan tayi ke sha tun bai kama da kyau ba, zaren kuwa tabo ne da ya shaƙe su. Ciki na shiga, abinci ne babu. Ta ce tsufa ke kawo shi, ya fi tsananta ga goɗiyar da aka daɗe ba a bari ta haihu ba, kuma ba ya warkewa. Ni da nake buɗe baki in ƙirga haƙora in ce na san doki, ranar na sara wa yarinyar nan.

Ga damuwar. Sanusi ya riga ya faɗa gaban mutane cewa in ta tabbata Gunya ce ba ta haihuwa, zai loda ta a motar masu sayen tsofaffin dawaki su kai kudu a yanka. In na yi magana, Gunya ta tafi. In na yi shiru, Mamuda na ta ɗaukar laifin da ba na dokinsa ba. Wanne zan yi?

Dillali, daga Gummi.

AMSA

Ɗana dillali, wa alaikumus salam. Ka iya yabo, har masananku sai da na ji tausayinsu.

Shirun nan dai ba naka ba ne da za ka yi kyauta da shi. Da abincin gidan Mamuda kake fansar Gunya, shi kuwa ba a tambaye shi ba. Ka faɗi gaskiya, kada wata kasuwa ta sake ci ba ka faɗa ba.

Amma kada ka fara daga Sanusi. Fara daga Innarku. Goɗiyar nan gadon mijinta ce, tana da haƙƙi a kanta, kai ma kana da shi, Sanusi ba zai sayar shi kaɗai ba. Daga nan ka roƙi Dokta Basira ta zo ta yi bayanin da bakinta gaban Inna da Sanusi da Mamuda. Daga bakin dillali za a ce ciniki ne, daga nata kuwa hoto ne kowa zai gani. Ka tambaye ta kuma, a gabansu, ko akwai sauran fata, don na ji ana cewa tabon nan mataki-mataki ne. Zancen dalma a bar shi sai an gwada jini.

Shi ma Sanusi ka yi masa adalci. Ciyar da doki ba wasa ba ne, kuma mutum ne da ya so ganin jinin dokin ubansa yana tsalle a turke, bai samu ba. Kada ka tsaya kana tuna masa wanda ya hana barbara tun farko, duk kuna wurin. Ce masa kawai daga yau harawarta da dusarta na wuyanka. In ka ɗauke masa nauyin, ka ba shi hanyar janye maganarsa ba tare da ya ji kunya ba.

Sannan ka koma bencin nan ka wanke ingarman Mamuda da ƙarfin muryar da aka ɓata shi, ka kuma samo masa goɗiyar farko mai neman barbara ka kai da hannunka. Sahura za ta ji labari kafin ka iso gida.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba Gunya tsufa mai sanyi a turken da ta sani. In kuwa Sanusi ya ƙi ji, ka sa Inna ta tambaye shi a hankali: a gidan nan, duk wanda ya daina haihuwa mota ake kira masa?