Wuƙar da Ta Fi Kowacce Kaifi

Talata, 6 ga Mayu

Haulatu, ajiye tukunyar nan ki zo yanzu, yanzu! Ɗauko biro. Rubuta, ko don bayan raina: ni ban yarda ba. Mijinki Kallamu ya kai ni asibiti, likita ya ce yana ce ta rufe idon, sai an yi aiki. Wuƙa fa! A ido! Ya yi ta Turanci yana dariya, kalma ɗaya yake ta nanatawa, sharpest. A keke na tambayi Kallamu, ya ce, "Inna, wai wuƙarsu ta fi kowacce kaifi." Wannan shi ne lallashin?

Alhamis, 8 ga Mayu

Na zuba gishiri a koko maimakon sukari. Kada ki rubuta wannan.

Lahadi, 11 ga Mayu

Yau Mas'uda maƙwabciya ke rubutu, Haulatu ta tafi kasuwar Artisan cefane. Yayata Indabawa ta bugo daga Anacha, tana kuka. Ita ma mai magani ne ya zo kasuwar Head Bridge da ɗan ƙarfensa, ya ce zai kwantar mata da yana. Idon ya tsiyaye. Ɗaya ya rage mata, shi ma ya fara hazo. Ta ce, "Kada ki bari a taɓa miki ido, 'yar uwa."

Na sa Mas'uda ta ƙara fassara mini kalmar, ta yi boko. Ta ce akwai mai kaifi, akwai wadda ta fi ta, sai wadda babu sama da ita. Wannan ta ƙarshen.

Litinin, 12 ga Mayu

Da asuba na ji Kallamu yana wasa wuƙaƙe kafin ya tafi mayanka. Hannun babansa sak. Marigayi ya taɓa korar ma'aikaci saboda dakusasshiyar wuƙa. Ya ce ita ke azabtar da dabba, mai kaifi kafin ta ji an gama. Kuma bai taɓa wasawa a gaban rago ba.

Ƙarfen da aka sa wa Yaya, wa ya san rabonsa da dutse?

Laraba, 14 ga Mayu

Ban ce na yarda ba. Na dai ce a wanke mini koren mayafina. Kallamu ya gaya wa likitan kada ya ɗaga wuƙar inda zan ga ƙyallinta.

In an kwance bandeji na ga fuskarki, Haulatu, kada ki buga waya mayanka tukuna. Yaya Indabawa za ki fara kira, ta zo a duba mata ɗayan idon.