Ni Kaɗai Nake Gane Maganar Baba

Unguwar Kanti, Kazaure.

Zuwa ga Yayana Muhammad Nur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, Hajja Kaka ƙafar ta yi sauƙi, bakin kuwa ka san bai taɓa ciwo ba. Baba yana nan yadda ka bar shi, ɓarin dama a shanye, harshe a karye.

Yaya, kai ne kake tsokanata wai na tafi ƙasar Sabiya can Turai karatun yaren matattu. To yaren matattun ne ya ɗaure ni. Aikinmu shi ne mu nemo kalmomin kakar harsunan Rasha da Sabiya da danginsu, wadda ba wanda ya taɓa rubuta ta. Ɗan Rasha ya ce wa kan mutum golova, ɗan Sabiya ya ce glava, sai mu bi sawu mu ce kakarsu golva ce, mu sa mata tauraro a gaba, alamar ba mu ji da kunnenmu ba. Da na zo hutu na tarar da Baba haka, sai kunnena ya kama aikinsa. Na lura kullum yana haɗiye ƙarshen kalma, harufan da ke gagararsa kuma ba sa canzawa. Yanzu in yana son ruwa ko juyi ko alwala, ni ake ƙwala wa kira. Ko kasuwa na leƙa sai an bi ni da ɗan acaɓa.

Malamata ta aiko cewa in ban koma kafin ƙarshen watan gobe ba, gurbina ya tafi. Da na gaya wa Baba, ya kama hannuna ya ce in tafi, har ya maimaita. Wallahi haka ya ce. Na sanar da Hajja Kaka, sai ta taɓe baki ta ce in ba ƙira me ya ci gawayi, ai mai son tafiya ba zai yi tafintan zama ba. Kawu Yakubu da ya zo daga Roni shi ma ya ce bai ji komai ba sai gurnani. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa mai shaidata, shi kuwa Baba yana kallonmu hawaye na bin kuncinsa.

Don Allah ka zo. Kai ne babba, maganarka za su ji. Zan koya maka yadda ake sauraronsa, sannan in fita daga ɗakin ka tambaye shi da kanka. In ka fito ka ce ba haka ya ce ba, zan kwance akwatina, ba za ka ƙara jin zancen ba.

Ka gaida Anti Sadiyya, da Yasmin da Ihsan.

Ƙanwarka,
Zulaikha